Tuwon da Muka Mayar a Anacha

Ana sallame sallar asuba motarmu ta ɗaga daga Kano, mu goma sha huɗu, akwatunan kayan gwajin ido a ɗaure a sama an lulluɓe su da tamfol. Da yawanku kun dame ni da tambayar me ya sa na riga sauran 'yan tawaga dawowa da kwana biyu, wasu har suna yi min sannu da jiki. Lafiyata ƙalau. Koro ni aka yi. Yau zan faɗa muku yadda abin ya kasance, don har yanzu da nake wannan rubutu raina bai gama hucewa ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni ma'aikaciyar jinya ce. Hutuna na shekara na ɗauka na bi wata tawagar masu aikin sa-kai da ke zuwa unguwannin Hausawa a kudu tana duba ido kyauta. Tsarin shi ne kwana uku a Fatakwal, uku a Anacha, a ƙare a Inugu, inda wani asibiti ya ara mana ɗakin tiyata. Duk wanda likitanmu ya duba ya ga yanar ido ta rufe masa gani, za a rubuta sunansa, ya same mu a Inugu a cire masa. Wanda bai zo an duba shi ba kuwa, babu shi babu aiki, sai wata shekarar in akwai ta.

Ba mu kai Kwanar Ɗangora ba shugabar tawaga ta juyo daga kujerar gaba ta raba mana takardu. Dokokin masauki ne, guda goma sha tara, har an manne su cikin leda kamar shaidar gama makaranta. Gaskiya wasu sun yi ma'ana. Wadda ta hana kunna waya da ƙara a ɗakin kwana, ni na fi kowa sa mata albarka, don na taɓa kwana da mai sauraron wa'azi da lasifika har barci ya ɗauke ta. Amma akwai wanka minti biyar. Akwai hana shanya a ɗaki. Akwai hana fita ba izini, hana baƙo shiga ɗaki ko hawa motar tawaga, da hana karɓar duk wani abinci da ba mai dafa mana ce ta kawo ba. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: gargaɗi biyu, na uku mutum ya tattara ya koma gida. Muka yi ta dariya, wata ta tambaya ko minshari ma yana da lamba. Shugaba ko murmushi ba ta yi ba.

A Lokoja muka kwana. Kifi can ba magana, manya-manya a jere a bakin titi suna ƙyalli, amma doka ta ce ido kawai. Washegari muka tsallaka kogi muka nausa gabas. Ƙasa ta koma ja, bishiyoyin kwakwar manja suka cika ko'ina, mata na ɗaga jarkokin manja da nonnan ayaba a duk inda mota ta rage gudu. Ayabar da za ka saya ɗaya-ɗaya a Kano, nan da kuɗin guda huɗu za a cika maka cinya. Shingen bincike kuwa tun ina ƙirgawa har na haƙura. Daga Aba zuwa Fatakwal hanya ta jijjiga mu har sai da na ji ƙugu ba nawa ba.

Da ruwan sama Fatakwal ta tarbe mu, da shi kuma ta sallame mu. An sauke mu a saman wani bene a unguwar Diyobu, kusa da Mayil Tu, mata shida a ɗaki ɗaya, gado mai hawa biyu, fanka ɗaya da ke juyi kamar an yi mata dole. A gindin benen muka kafa allon gwaji. Mutanenmu sun burge ni a garin nan. Dattijo zai tsaya ya gaishe ka tun daga gajiya har iyali har mutanen Kano baki ɗaya, kafin ya zauna a duba shi. Jikansa kuma na gefe yana zuba Turancin buroka kamar ba jinin Bichi ba. Abin da muke ce wa adaidaita su keke suke cewa. Na leƙa kasuwar Mayil Tiri, da izini fa, na ga albasarmu ta Arewa ta zama 'yar gata, ƙwaya uku kuɗin da zai cika maka leda a 'Yankaba.

A nan na samu gargaɗi na farko. Na wanke hijabina, waje ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, sai na rataye shi a ƙarfen gado. Shugaba ta shigo duba ɗaki, ta tsaya a kansa, ta ciro biro. Na ce to ina zan shanya, a cikin ruwan? Ta ce ita ba ita ta rubuta doka ba, ita dai an ba ta amanar a bi. Haka na yi sallah da jiƙaƙƙen hijabi kwana biyu. A nan ne kuma masu suya na unguwar suka haɗa mana tsire mai zafi a takarda, mai gadi ya tare su a ƙofa bisa umarni. Maza ne, sun yi dariya sun ce ashe likitoci ba sa cin nama. Amma na lura da fuskar babbansu lokacin da yake naɗe takardar. Mu kuma muka hau sama muka buɗe robar dafa-dukarmu, irin ta jiya, irin ta shekaranjiya.

Ta Owerri muka bi zuwa Anacha. Wanda bai ga Anacha ba bai san cinkoso ba. Mota kan mota, ɗan dako na ihu a ba shi hanya, kowane gini shago ne, saman shagon ma shago ne. Unguwar Hausawa na nan a tsakiyar wannan hayaniya, kana shiga lungun sai ka ji ƙanshin turaren wuta da karatun allo, ka rasa a wane gari kake. An share mana azuzuwa biyu na makarantar Islamiyya a jikin masallaci, aka shimfiɗa katifu. Limamin unguwa, dattijo mai sanyin magana, shi ya tarbe mu. Bayan gaisuwa ya ce akwai tsohuwa ɗaya da yake roƙon a fara da ita. Innar Baƙi ake ce mata, don tun tana amarya a garin nan duk baƙon da ya sauka a masallaci daga tukunyarta yake fara ci. Shekara biyu ke nan idonta ya rufe, sai dai ta gane haske da duhu.

Bayan la'asar sai ga mata biyu da kwanuka a ka. Suka yi sallama suka sauke a ƙofar ajinmu, suka ce in ji Inna, a yi haƙuri ba yawa. Jama'a, tuwon shinkafa ne, mulmule fari tas, da miyar taushe, man shanu na yawo a kai, ga kaji a wani kwanon daban. Kwana biyar rabona da tuwo. Ƙanshin kaɗai ya sa wata a cikinmu ta fara wanke hannu.

Shugaba ta fito ta ce a mayar.

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce ranki ya daɗe, abincin baƙi ne fa, ko ba za a ci ba a karɓa a juye, a wanke kwano a mayar da godiya. Ta ce in an juye wani zai ci, in wani ya ci ciki ya ɓaci wa za a tambaya? Bara, in ji ta, rabin tawaga gudawa ta kwantar bayan wata walima, aiki ya tsaya kwana biyu. To na ji wannan, kuma ban ce ƙarya take ba. Amma abin da ke ƙona min rai, matar nan ba baƙuwar al'ada ba ce. 'Yar cikin ganuwa ce. Ta san abin da ake nufi in an aiko maka da kwano ka mayar da shi a rufe yadda ya zo. A gidansu in maƙwabciya ta yi musu haka, sai an yi shekara ba a gaisa ba.

Ga inda nawa laifin yake, ba zan ɓoye ba. Ta dube ni ta ce tunda ni ce mai baki, ni zan yi musu bayani. Na tuna ina da gargaɗi ɗaya a kaina. Na tuna takardar yabon da ake bayarwa a ƙarshen aiki, wadda nake so in haɗa in nemi ƙarin karatu. Sai na sunkuya da hannuna na ɗauki kwanon tuwon nan, da ɗuminsa, na ɗora wa matar da ta kawo shi a ka. Na ce a gaya wa Inna mun gode, dokarmu ce ta hana. Matar ta dafe kwanon. Ta gyara gammo ta juya.

Washegari maza suka cika layi, mata kuwa ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba. Inna ba ta zo ba. Rana ta biyu ma haka. Shugaba ta ce ai matan kudu sun fi son asibitin kuɗi. Haba! Matan da mazansu ke tura baro? A rana ta uku, wadda daga ita sai tafiya, na tare liman bayan azahar na tambaye shi. Ya ce magana ta zaga gidaje cewa baƙin Kano ƙyamar abincin unguwa suke. Ita Inna kuma tun ranar ba ta fito ko tsakar gida ba. Ya nuna min lungun da hannu.

Ban nemi izini ba, don na san amsar. Na ajiye abin awon jini na bi lungun.

Na same ta a ɗaki zaune a kan tabarma, 'yar ƙaramar tsohuwa, idanun nan biyu fari fat. Na durƙusa na gaishe ta, na ce ni ce wadda ta mayar da kwano. Na shirya jin faɗa, wallahi da faɗan ta yi da ya fi min sauƙi. Sai ta laluba ta kamo hannuna, ta rage murya kada surukarta ta ji.

"'Yar nan, tsakaninki da Allah, me kuka gani a ciki? Ƙuda ne ko gashi?"

Na ce Inna ko buɗewa ba mu yi ba.

"Kada ki rufa min. Ni na san idona ya tafi, da hannu nake auna komai. Yaran nan ba za su faɗa min ba, kunyata suke ji. Shekara nawa ina ba baƙi ƙazanta ban sani ba?"

Ashe ba fushi ya hana ta zuwa ba. Kunya ce. Ta ɗauka likitoci sun buɗe tuwonta sun ga abin da ba ya ciwuwa, to da wace fuska za ta zo ta zauna a gabansu? Tun ranar ba ta sake ɗora tukunya ba. Na yi ta bayanin doka, tana tambayata ta gwamnati ce ko ta asibiti. Na ce ta ɗakin kwananmu ce. Ta girgiza kai, alamar ba ta yarda ba, don a duniyarta babu dokar da za ta hana baƙo cin tuwo.

Da na ga magana ba za ta yi ba, sai na ce Inna ni fa yunwa nake ji, kuma ba zan tashi ba sai na ci girkinki. Ta ce in bari surukarta ta zubo min. Na ce naki nake so. Mun fi minti goma muna wannan ja-in-ja kafin ta miƙe tana dafa bango. Ɗanwake ta yi min. Ina zaune ina kallo ta auna gari da tafin hannu, ta ɗanɗana ruwan kanwa a harshe, ta saka kuka da yatsu uku, tana jefawa a tukunya tana sauraron tafasa da kunne. Ko ɗigo bai zuba a ƙasa ba. Na ci kwano ɗaya na ce a ƙara. Ba don in faranta mata ba, rabon da in ci ɗanwake irin wannan tun kakata na da rai. Tana jin ƙarar cokali a kwano na biyu ta fara dariya, tana share ido da bakin zani.

Na koma masauki da yaji a hijabi, na tarar an riga an naɗe kayan gwaji an ɗaure a mota. Gargaɗi na biyu, fita ba izini da cin abincin waje. Shugaba ta ce ma ta yi min sassauci da ta haɗe su wuri ɗaya. Na ce an gode.

Allah ya saka wa likitanmu da alheri. Mutum ne da ba ya shiga rigima, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Da safe muna shirin hawa mota sai ga Inna, ɗanta mai sayar da goro na riƙe da hannunta, mata kusan goma na biye da ita. Likita ya ciro 'yar tocila daga aljihu ya duba ta a tsaye a bakin mota, ya duba sauran ma. Ya ce yanar ido ce, ta nuna sarai, aikin minti ashirin. Ya rubuta sunanta. Akwai kujera biyu babu kowa a motarmu, na nuna su. Shugaba ta nuna min takardar doka. Muka tafi muka bar tsohuwa a tsaye, sai dai ɗanta ya nemi motar haya.

Inugu gari ne mai tsauni da tsabta, ya fi sauran biyun natsuwa. Da safe mata ke yawo da wani abu a ganye da suke kira okpa, kamar alale amma da gurjiya ake yi. Ba zan iya gaya muku daɗinsa ba, ƙanshi kawai doka ta yarda in ji. Masaukinmu ɗakin kwanan ɗalibai ne a bayan asibitin, gado mai hawa biyu kuma, nawa na ƙasa. Laraba da Alhamis ne ranakun tiyata, Inna tana cikin 'yan Alhamis, rana ta ƙarshe.

Da la'asar ɗin Laraba suka iso, ruwa ya yi musu duka, motarsu ta lalace a hanya sun yi awa biyar a tafiyar awa biyu. Ƙafafunta sun kumbura. Na auna jininta na ga ya hau sosai. Likita ya ba ta magani, ya ce ta kwanta ta huta a riƙa aunawa, in bai sauka zuwa safe ba ba zai taɓa idon ba. Gadajen asibiti duk 'yan aikin Laraba sun cika su. Gidan da za su sauka kuma yana can Gariki, bakin gari, keke biyu za a hau cikin ruwan nan, a sake dawowa da sassafe. Ni na san in ta yi wannan zirga-zirga jinin ba zai sauka ba. Na ce wa ɗan ya tafi abinsa. Na kama hannun Inna na kai ta ɗakinmu, na kwantar da ita a gadona.

Ana kiran magariba shugaba ta shigo duba ɗaki. Ta tsaya turus. Ta ce wace ce wannan, kamar ba ta san ta ba. Na ce marar lafiyarmu ce. Ta ce marar lafiya a asibiti take kwana, nan ɗakin ma'aikata ne, a fitar da ita. Na ce ki rubuta duk abin da za ki rubuta, tsohuwar nan ba inda za ta. Ta ce na san wannan shi ne na uku? Na ce na iya ƙirga. Mata biyar, ma'aikatan lafiya, kowa ta sunkuyar da kai tana gyaran jaka, kamar yadda ni ma na yi a Anacha. Can mai gadon samana ta sauko da bargonta ta lulluɓa wa Inna ƙafa. Shugaba ta dubi bargon, ta dube ni, ta ce tsohuwa ta kwana tunda ruwa ake, ni kuma gobe kafin a buɗe ɗakin tiyata kada ta gan ni a harabar.

Da asuba na auna Inna, jini ya sauka. Na rubuta a takarda na ba mai gadon sama ta kai wa likita. Na ce wa Inna an aike ni wani wuri, don ban so ta shiga tiyata da damuwa. Ta sa min albarka, ta ce in dawo da wuri. Na ɗauki jakata na tari keke zuwa tasha.

Ta Otukpo da Makurɗi muka biyo. A bakin gadar Binuwai na sayi doya soyayya da kifi na ci har na ƙoshi, babu mai biro a kaina. Muka kwana a Lafiya don direbanmu ba ya tafiyar dare. La'asar ɗin Juma'a na shiga gida. Umma ta dube ni ta dubi jaka ta ce ina takardar yabon? Na ce babu. Na ba ta labari tun daga farko. Ba ta ce komai kan korar ba, tambaya ɗaya ta yi min, wai da hannuna na mayar da kwanon? Na ce da hannuna. Ta ce kai, kin ba ni kunya.

Abin da tafiyar nan ta koya min ke nan. Ɗakin da mutum shida ke kwana dole a yi masa doka, ban musa ba. Amma masu zama a ofis su rubuta mana goma sha tara, ko sau ɗaya ba su tambayi mutanen da za mu sauka a cikinsu yadda suke karɓar baƙo ba. Mun je gyara ido, mun kusa barin tsohuwa da makanta da kuma zargin kanta har ta mutu, saboda tsoron ciwon ciki. Kuma dokar ba ita ta ɗaga kwanon nan ba. Ni na ɗaga, don ina tsoron rasa takarda.

Bayan magariba mai gadon sama ta kira ni. Ta ce aiki ya yi kyau, da safe aka cire bandeji. Inna ta daɗe tana kallon tafin hannunta, sannan ta ce a tara mata matan tawaga. Da yake da murya kawai ta san ni, sai ta riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya tana cewa, "Yi magana in ji." Kowa ta yi, tana girgiza kai. Har ta zo kan shugaba. Ita ma ta yi sallama, Inna ta ce a'a, ke ce mai cewa a fitar da ni, ina kuka kai yarinyar? Wai shugaba ta juya ta fita daga ɗakin.

Sai na ji ana miƙa waya, na ji numfashin tsohuwa. Na ce Inna barka da arziki, ya idon?

"Ido ya buɗe, 'yar nan," ta ce. "Na ga ɗana, ashe har ya yi furfura. Na ga likita, na ga kowa. Ke kaɗai ce ban gani ba."